Muhawara: X, Mastodon, Bluesky ko tsohon RSS, ina za mu ajiye rubutunmu?

Tsohon Hannu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na karanta duk saƙonnin da kuka tara daren jiya kan dandalin sada zumuntar da za a koma in an bar X, wato tsohon Twitter. Wasu na cewa Bluesky, wasu Mastodon, wasu kuma sun ce ko ana ha-maza-ha-mata suna nan a X. Bari in sa baki, don gardamar nan ta girmi asusun da yawanku.

A watan Mayun 2009 wani marubucin fasaha a Amurka, Steve Gillmor, ya fitar da rubutu a shafin labaran fasaha na TechCrunch yana yi wa RSS ta'aziyya. A ganinsa zamanin RSS ya wuce, Twitter ya gaje shi, tunda kafin manhajar RSS ta kawo maka labari an riga an gama tauna shi a Twitter. Dave Winer, wanda ya fitar da RSS 2.0 a 2002, ya ce allambaran. Abin da ya dame shi shi ne hirar duniya gaba ɗaya ta koma bi ta cikin kwamfutocin kamfani guda. A 2009 ɗin ya farfaɗo da wani tsarinsa mai suna rssCloud don RSS ya riƙa isar da rubutu nan take, wasu injiniyoyin Google biyu kuma suka fito da PubSubHubbub don aiki iri ɗaya. Marubutan fasaha na can sun yi watanni suna kai ruwa rana a kai.

To ga mu yau. Twitter ya canza hannu a 2022 kan dala biliyan 44, a 2023 sunan ma ya tafi, ya koma X. RSS ɗin da aka yi wa zaman makoki kuwa, har gobe ta kansa ake raba yawancin shirye-shiryen fodkas, ko mai sauraro bai sani ba.

Ni ba na hana kowa zama inda yake so. Abin da nake cewa kawai, duk wanda yake son rubutunsa ya yi ƙarko, ya mallaki shafin kansa mai RSS, ya fara ajiye rubutun a can, sannan ya kai wa dandalin da ya ga dama. Bismillah, a fito da hujja.

Ɗaliba: Wa'alaikumus salam Baba. A yi haƙuri da mu 'yan baya, mene ne RSS ɗin ma tukuna? Ni dai ina ganin wata 'yar alama ruwan lemo a wasu shafuka, ban taɓa dannawa ba.

Tsohon Hannu: 'Yata, abu ne mai sauƙi. Fayil ne da shafi ke ajiyewa, a cikinsa akwai jerin sababbin rubuce-rubucensa: kanu, rana, da rubutun ko taƙaitawarsa. Ke kuma sai ki sauke manhajar karatu, irin su Feedly ko Inoreader, ki ba ta adireshin shafukan da kike so. Ita za ta riƙa zagayawa tana ɗebo miki duk sabon abu, na ƙarshe a sama. Ba wanda zai zaɓa miki, ba wanda zai ɓoye miki wani don ya tura miki wani.

Gwada yanzu. In shafin WordPress ne, ƙara /feed a ƙarshen adireshinsa. In na Blogger ne, ƙara /feeds/posts/default. In asusun Mastodon ne, ƙara .rss bayan sunan mutumin. Ranar da kika gaji da manhajar, akwai fayil da ake kira OPML, ki fitar da shi ki kai wa wata manhajar, duk jerinki ya bi ki. Kuma ga masu lissafin data irina, galibi rubutu ne ke saukowa, wasu manhajojin ma sukan ajiye shi a waya ki karanta ko babu sabis.

Ɗan Farm Centre: Baba, ranka ya daɗe, da girmanka, amma wannan wa'azin bai zo kasuwa ba. Ni wuni nake ina karɓar wayoyin mutane, ina yi musu filashin, ina sa musu manhajoji. Wallahi tun da na buɗe shago ba a taɓa samun wanda ya ce in sa masa manhajar RSS ba. Facebook, WhatsApp, TikTok, shi ke nan. Wani ma imel ɗinsa ni na buɗe masa, ni ke riƙe masa fasuwod a littafi. Wannan mutumin za ka ce ya ƙara /feed a ƙarshen adireshi?

Kuma in RSS na da rai haka, me ya sa Google ta rufe nata?

Tsohon Hannu: Ta rufe Google Reader ranar 1 ga Yulin 2013, ta ce masu amfani da shi sun ragu. Amma lura da abin da ya biyo baya. Mutane sun kwashi jerinsu sun koma Feedly da sauransu, washegari suka ci gaba da karatu. Shafukan da suke bi ko gezau. Kamfani ya rufe manhajarsa, tsarin bai mutu ba, don ba nasa ba ne. Kwatanta da Google+ da aka rufe a Afrilun 2019. Ina mabiyan da mutane suka tara a can? Ina za ka kai su?

Injiniya: Ina tare da Baba a rabi, ina saɓa masa a rabi. RSS hanya ɗaya ce, kai dai ka karanta. Ba za ka mayar da martani a cikinsa ba, marubucin ma bai san kana nan ba. Abin da ya ja mutane Twitter tun 2006 shi ne hira, ka jefa magana a amsa maka. Iyakar harafi 140 da Twitter ya fara da ita ma daga saƙon tes ta samo asali, tes na ɗaukar 160, suka bar 20 don sunan mai aikowa. Wato tun farko an gina shi don wayar hannu da maganar tsaye, shi ya sa ya ci kasuwa.

Don haka tambayar ita ce yadda za a samu hirar ba tare da an miƙa wuya ga kamfani ɗaya ba. An daɗe ana gwadawa. Evan Prodromou ya buɗe Identi.ca a 2008, manhajarsa a buɗe, kowa na iya kafa tasa sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da asusun mutane da rubutunsu. Ɗalibai huɗu na Jami'ar New York sun tara sama da dala dubu 200 a 2010 suka fara Diaspora. A 2016 Eugen Rochko, matashi a Jamus, ya fitar da Mastodon. A Janairun 2018 hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta amince da ActivityPub, yarjejeniyar da sabobi daban-daban ke magana da juna da ita.

Ga yadda abin yake a sauƙaƙe. Kai kana MTN, ni ina Airtel, kuma kana kira na ina ɗauka. Ba wanda ya taɓa cewa sai na sayi layin MTN kafin mu gaisa. To me ya sa sai na buɗe asusu a X kafin in amsa wa wanda ke X? A Mastodon kana wata sabar, ina wata, ka bi ni, in bi ka, mu yi hira. Har shafin WordPress ana iya sa masa ActivityPub, mutum ya bi shafin daga Mastodon, in ya amsa amsar ta bayyana a ƙarƙashin rubutun.

Ɗan Farm Centre: Injiniya, ka lissafa su da bakinka. Identi.ca ina yake? Diaspora wa ke ciki? Ka manta da App.net da aka ce a biya dala 50 a shekara don a guje wa talla, 2012 aka fara, 2017 aka rufe. Duk gawawwaki ne. Ni na buɗe Mastodon ɗin nan lokacin da ake ta hayaniyar sayen Twitter da Elon Musk ya yi. Matakin farko aka ce in zaɓi sabar. Na tsaya ina kallon jerin sunaye ban san bambancinsu ba. Da na shiga kuma, ba Bahaushe ko ɗaya, sai Turawa suna hirar Linux da kyanwowinsu. Na yi sallama da Hausa ba wanda ya amsa.

Injiniya: To ai kai ne Bahaushen farko, da ka zauna da na biyu ya same ka.

Ɗan Farm Centre: Zaman jiran na biyu ba ya biyan kuɗin shago, Injiniya.

Marubuciya: Salamu alaikum. Ku bar ni in faɗi nawa, don ni abin ya taɓa ni a jiki. Ina rubuta labari kashi-kashi, kuma na shekara ina zubawa a wani babban dandali, ba sai na kira suna ba. Wata safiya na tashi na tarar an kulle shafin, wai na karya ƙa'ida. Wace ƙa'ida? Ba bayani. Na cike fam ɗin ƙorafi, na'ura ce ta amsa. Labaran kam ina da su a waya, alhamdulillahi. Amma makarantan fa? Mutanen da suka saba jiran kashi na gaba kowace Juma'a, ba ni da lambarsu, ba ni da imel ɗinsu, ban ma san sunayen da yawansu na gaskiya ba. Dandalin ne ya san su, ni ban san su ba.

Shi ya sa maganar Baba ta shige ni. Sai dai ina da tambaya. Ko na buɗe shafina, makarantana mata ne da ke karatu a WhatsApp tsakanin girki da wanke-wanke. In ban kai musu inda suke ba, ba za su zo ba.

Tsohon Hannu: Malama, ki kai musu mana. Ban ce a ƙaurace wa kowa ba. Masu ƙungiyar IndieWeb, masu rajin kowa ya mallaki shafin kansa, ma haka suke koyarwa: wallafa a naka, rarraba a na wasu. Ki zuba kashin a shafinki, ki ɗauki mahaɗin ki jefa a WhatsApp da Facebook da duk inda suke. Duk ranar da wata ƙofa ta rufe, sun san adireshin da za su neme ki. Kin tuna OkadaBooks? Marubutanmu da dama sun sa littattafansu a can, a ƙarshen 2023 ya rufe. Kafin shi akwai zaurukan Yahoo, inda aka yi shekaru ana tafka muhawara kan adabi da finafinan Hausa tun kafin a san Facebook a ƙasar nan. Yahoo ta goge abin da aka tara a 2019, ta rufe zaurukan baki ɗaya a Disambar 2020. Wanda bai kwafi nasa ba, ya tafi. Abin da ke ci mani rai ke nan, Hausa ba ta da rubutu mai yawa a intanet, ɗan wanda muke da shi kuma muna zuba shi inda ba mu da iko da shi.

Lauya: Ina bin ku a hankali. Akwai ɓangaren da ba a taɓo ba, kuma mu a Najeriya mun ɗanɗana shi. Ranar 4 ga Yunin 2021 Ministan Yaɗa Labarai Lai Mohammed ya sanar da dakatar da Twitter, bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Buhari. Washegari kamfanonin waya suka toshe shi, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022, bayan Twitter ya amince da sharuɗɗa, ciki har da yin rajista a ƙasar da biyan haraji. Daga baya, a Yulin 2022, kotun ECOWAS ta ce dakatarwar ta saɓa doka.

Abin lura shi ne yadda toshewar ta zo da sauƙi. Kamfani ɗaya ne, umarni ɗaya ya wadatar. Kuma ku tuna inda gwamnati ta koma a lokacin, wata manhajar Indiya mai suna Koo, ta buɗe asusu a can. Koo ɗin ya rufe a Yulin 2024. An bar rufaffen dandali an koma wani rufaffen, shi ma ya tafi da abin da aka zuba masa. Da a ce hirar tana warwatse a dubban sabobi, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ɗan Maraɗi: Barista, ina gaisuwa. Maganarka gaskiya ce amma ba ta cika ba. Gwamnatin da ta yi niyya ba ta tsayawa bin sabobi ɗaya-ɗaya. Mu nan Nijar bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 2021, intanet ɗin wayar salula aka yanke gaba ɗaya, kusan kwana goma. A ranakun nan ko Mastodon kake, ko RSS, ko me, duk ɗaya ne. Ku ma an kashe layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021. Inda hujjarka ta zauna shi ne irin na Cadi, da aka toshe Facebook da WhatsApp da Twitter daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019 amma aka bar sauran intanet. A irin wannan, e, ƙananan sabobi za su iya tsira. Kada dai a sayar wa mutane abin a matsayin maganin kowace cuta.

Lauya: Ban musa ba, mutumin Maraɗi. Wanda ke riƙe da turken sabis ya fi kowa ƙarfi. Amma yanke intanet duka yana da tsada ga gwamnati, bankuna da 'yan kasuwa za su yi kuka, ba ya daɗewa. Toshe manhaja ɗaya kuwa an yi wata bakwai ana yi a nan, talaka na ƙona batir da VPN.

Ɗaliba: To ni abin da ban gane ba, Threads ba na Meta, kamfanin Facebook, ba ne? Na ji an ce shi ma yana magana da Mastodon. In haka ne ai an gama, manyan ma sun buɗe ƙofa.

Injiniya: Ƙanwata, nan ne masu Mastodon ɗin kansu suka rabu biyu. Threads ya fito a Yulin 2023, cikin kwana biyar ya tara asusu miliyan 100, don da asusun Instagram ake shiga. A 2024 suka fara barin mai asusu ya kunna wani maɓalli don a riƙa ganin rubutunsa daga Mastodon. Wasu suka yi murna, suka ce ga ActivityPub ya yi nasara, har Meta ta bi. Wasu masu sabobi kuma suka haɗa kai suka ce za su toshe Threads tun kafin ya iso.

Hujjar masu toshewa tarihi ce. Akwai buɗaɗɗen tsarin hira mai suna XMPP. Google Talk ya fito a 2005 a kansa, daga baya mai asusu a ƙaramar sabar yana iya hira da mai Gmail. Jama'a suka taru a ɓangaren Google, tunda ya fi sauƙi. A 2013 Google ta koma Hangouts, wanda ba ya magana da sabobin waje. Waɗanda suka rage a ƙananan sabobi suka waiga ba abokan hira. Twitter ma haka ya yi da masu gina manhajoji a kansa. Da farko ƙofa a buɗe, su suka ƙawata shi. A 2012 ya sa musu iyaka kan yawan masu amfani, a 2013 ya cire RSS daga asusun mutane, a Janairun 2023 ya yanke irin su Tweetbot da Twitterrific ba ko sanarwa. Ni kaina ban goyi bayan toshe Threads ba, amma ba zan ce masu tsoron ba su da dalili ba.

Mai Shayi Online: Ni dai ina gefe ina kurɓa. Tambaya ɗaya ce da ni, a Mastodon ɗin ana biyan kuɗi? Don X na biyan masu shuɗin maki tun 2023, Facebook ma ya fara biyan 'yan Najeriya a 2024. Yaran unguwarmu ba 'yancin rubutu ya dame su ba, dala suke nema.

Injiniya: Ba a biya. Babu talla, don haka babu abin rabawa. Yawancin sabobin ma da gudummawar masu amfani suke tafiya.

Mai Shayi Online: To a gaishe su.

Marubuciya: Kai Mai Shayi, ka ga abin da biyan ya jawo kuwa? Tunda aka ce yawan martani ne kuɗi, kowa ya koma tsokana. Mutum zai zagi garinku ko ya taɓo rigimar aure da gangan don a taru a kansa ana zagi, shi kuma yana ƙirga riba. Rubutu mai ma'ana ka wuni kana tsarawa, mutum goma su gani. Ni wannan ya fi kulle shafi ɓata mani rai.

Ɗan Farm Centre: Hajiya, gaskiya ne, amma a can ɗin da babu tsokana babu mutane kuma. Zaɓi ɗaya.

Lauya: Bari in tsokano Injiniya ta wani gefen. Kana ta yabon ƙananan sabobi. Wa ke mulkinsu? Mutum ɗaya ne galibi, da kwamfutarsa da katin bankinsa. In ya ga dama ya kore ka, ba kotu ba ɗaukaka ƙara. Saƙonnin sirri na Mastodon ba a kulle suke daga waya zuwa waya ba irin na WhatsApp, mai sabar in ya so zai iya karantawa. In ya gaji ko kuɗi ya yanke masa ya kashe sabar, shi ke nan. Kuma ko da ka yi ƙaura tun da wuri, mabiyanka ne ke bin ka, tsofaffin rubuce-rubucenka ba sa tashi. To me ya raba wannan da abin da ya sami Malama Marubuciya? An dai sauya babban sarki da dagaci.

Injiniya: Duk abin da ka faɗa haka yake, Barista, ban cire ko ɗaya ba. Bambancin shi ne dagacin kana iya barin garinsa da jama'arka, kuma kana iya kafa naka. Sannan ka san shi, kana iya yi masa magana ya amsa. Ka dubi batun tace rubutu. Ma'aikacin da ke zaune wata ƙasa, ko na'ura, yaya za su bambance wasan Kanawa da Zagezagi, ko na Fulani da Barebari, da zagi na gaske? Sai su kulle mai wasa su bar mai ingiza fitina, don shi ya iya sakaya magana. Sabar da Hausawa ke riƙe da ita za ta gane.

Kuma toshewar tana aiki. Da Gab, dandalin masu tsattsauran ra'ayi na Amurka, ya koma kan manhajar Mastodon a 2019, sabobi da yawa suka yanke hulɗa da shi, ya zauna shi kaɗai. Ba a jira wani shugaban kamfani ya yanke hukunci ba.

Ɗan Maraɗi: Injiniya, sabar Hausawa ka ce? Allah ya ba mai riƙe da ita haƙuri. Ranar farko za a tambaye shi aƙidarsa. Ranar biyu a tambayi jam'iyyarsa. Duk wanda ya cire wa rubutu zai ce don ba ɗan ɓangarensu ba ne. Kafin wata uku an rabu gida uku, kowace sabar ta toshe 'yar'uwarta. Wannan zauren ma da ba mu kai ɗari biyu ba, sau nawa Admin ya rufe shi saboda rigima?

Admin: Kada a sa ni a ciki. Amma dai ba ƙarya ya yi ba.

Tsohon Hannu: Kun ga dalilin da ya sa na tsaya kan RSS. Ba shi da dagaci ko sarki. Ba wanda zai kore ka daga cikinsa, don babu cikin da za a kore ka. Ba ya kawo hira, na yarda da Injiniya, amma ba ya kawo rigima.

Ɗaliba: Baba, amma ta yaya zan gano sabon marubuci a RSS? Wanda na riga na sani kaɗai zan sa. Ni yawancin waɗanda nake karantawa yanzu, dandali ne ya jefo mani su ban nema ba. Wata mai rubutu kan lafiyar mata da Hausa, da ba don an turo mani ita ba, har abada ba zan san da ita ba.

Tsohon Hannu: Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da aka kawo yau, 'yata. A da kowane mai shafi yakan jera sunayen shafukan da yake karantawa a gefe, daga nan kake tsallakawa ka gano wasu. Yana aiki, amma a hankali, kuma sai mai naci. Na'urar da ke zaɓo miki ta fi sauri nesa ba kusa ba. Matsalata da ita, ba don ke take aiki ba, don mai talla take yi. Yau ta kawo miki mai lafiyar mata, gobe ta ga rigima ta fi riƙe ki a waya sai ta ɓoye ta. Ki bar ta ta nemo miki, amma da kin samu wadda ta yi miki, ki ɗauki adireshinta ki adana a wurin da na'urar ba ta da iko.

Injiniya: A nan Bluesky ya yi dabara, ko da yake ni ba ɗan gidansu ba ne. Jack Dorsey ne ya fara maganarsa a 2019 yana shugaban Twitter, daga baya ya zama kamfani mai zaman kansa, ya buɗe wa kowa a Fabrairun 2024. Ba ActivityPub suke bi ba, nasu tsarin AT Protocol ne. Abu biyu na yaba musu. Na ɗaya, kai ke zaɓar na'urar da za ta jera maka rubutu, kuma kowa na iya gina tasa, ana iya yin wadda za ta tattaro rubutun Hausa zalla. Na biyu, in kana da adireshin shafinka kana iya mayar da shi sunanka a can, kuma an tsara asusun yadda zai iya tashi da rubutunsa da mabiyansa. Kamar dai yadda tun 2013 ake iya barin MTN a koma Glo da lamba ɗaya.

Inda nake da ja, kusan kowa yana kan sabobin kamfanin ne, kuma na'urar da ke tattara rubutun duniya duka ta rarraba tana da nauyin da ba kowa zai ɗauka ba. Kamfani ne mai masu zuba jari, wata rana za su nemi ribarsu. Ƙofar fita tana nan a rubuce, amma mutane kaɗan ne suka taɓa bi ta cikinta.

Ɗan Farm Centre: Shi wannan aƙalla na ga mutane a ciki. Lokacin da kotu ta rufe X a Brazil a ƙarshen Agustan 2024, miliyoyi suka kwarara can cikin kwanaki. Kuma ba a ce in zaɓi sabar ba, sai dai in sa suna da fasuwod kawai. Ka ga abin da nake faɗa tun ɗazu, jama'a ba aƙida suke bi ba, sauƙi suke bi da inda 'yan'uwansu suke.

Lauya: Da aka buɗe X a Oktoba kuma da yawa suka koma.

Marubuciya: To ni dai na yanke nawa. Zan buɗe shafin, in riƙa zuba labarin can tukuna. Baba, na kyauta zan fara da shi ko sai na sayi adireshi? Don in na kyauta ne ai shi ma na wani kamfanin ne, mun dawo gidan jiya.

Tsohon Hannu: Fara da na kyauta, Malama, WordPress ko Blogger, duka suna da RSS kuma duka suna ba ki damar fitar da rubutunki gaba ɗaya a fayil guda. Ki riƙa fitarwa duk wata kina ajiyewa. In hali ya samu ki sayi adireshi da sunanki, shi ne ainihin abin da za ki mallaka, don ko kin canza masauki adireshin na nan. Na .com.ng ya fi araha kuma da naira ake biya. Abu ɗaya, kada ki manta ranar sabuntawa duk shekara, in ya kuɓuce wani na iya saye.

Injiniya: Ni kuma in zaure ya yarda zan kafa mana ƙaramar sabar Mastodon ta gwaji, wata uku, mu gani ko hasashen mutumin Maraɗi zai tabbata. Aikin ni zan yi kyauta. Kuɗin hayar sabar ne dai da dala ake biya duk wata, sai an yi karo-karo.

Ɗan Maraɗi: Zan ba da nawa da sefa, da sharaɗin ba ni ne mai tace rubutu ba.

Ɗan Farm Centre: Ni ba zan ba da ko sisi ba sai na ga mutum hamsin a ciki suna magana da Hausa. In sun kai, na yi alkawarin duk wayar da aka kawo gyara zan tambayi mai ita ko in sa masa.

Admin: Injiniya, kawo lissafin abin da za a kashe a wata, da naira, a farashin yau. Sannan a samo mutum uku masu tace rubutu, kada su fito daga gari ɗaya. Wanda ya yarda ya ɗaga hannu kafin Juma'a, ni dai na riga na ce ba da ni ba.